Danmak: abin da baƙo ya kamata ya fahimta kafin ya yanki tikiti

Duk mai niyyar zuwa Danmak, tambayar farko da zai yi wa kansa ita ce a wane wata zai sauka, domin hasken rana ne yake tsara rayuwar ƙasar fiye da komai. A Kopenhagen, babban birnin ƙasar, rana takan fito wajen ƙarfe 4:30 na asuba a ƙarshen watan Yuni, ba ta faɗuwa sai kusan 10 na dare, wato yini na awa 17 da rabi. A ƙarshen Disamba kuwa sai bayan 8:30 take leƙowa, kafin 3:45 na yamma ta ɓace, kuma ko a cikin waɗannan awanni bakwai galibi gajimare ne ke rufe da sama. Wanda ya tsara zagaya wurare biyar a rana guda cikin hunturu, duhu zai riske shi a wuri na uku. Wuraren shaƙatawa da dama ma rufewa suke yi: Legoland na garin Billund ba ya aiki a tsakiyar hunturu, lambun Tivoli da aka buɗe tun 1843 yana da lokutansa na buɗewa a shekara, gidajen tarihi da yawa kuma suna hutun Litinin.

Ga Musulmi wannan batu ya shafi ibada kai tsaye. A Disamba, Azahar da La'asar da Magariba duk suna shiga tsakanin tsakar rana da ƙarfe huɗu saura, don haka sai mutum ya san inda zai yi sallah kafin ya fita. A tsakiyar shekara matsalar ta juya: shafaƙi ba ya gushewa gaba ɗaya cikin dare, masallatai kuma sun bambanta a yadda suke ƙiyasta Isha da Asuba. Abin da ya fi sauƙi shi ne bin jadawalin masallacin da ke kusa da masauki. Agogon Danmak daidai yake da na Najeriya da Nijar a hunturu, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba yana gaba da awa ɗaya.

Sanyin ƙasar a ma'auni bai kai yadda ake zato ba. Janairu da Fabrairu suna kewayen digiri 1 zuwa 2, Yuli da Agusta kuma matsakaicinsu wajen digiri 17 ne, da rana yakan haura 20. Dusar ƙanƙara na sauka, amma sau da yawa ba ta daɗewa take narkewa. Abin da ke karya baƙo shi ne iska da danshi. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, tudunta mafi tsayi, Møllehøj, mita 171 ne kacal, kuma babu inda mutum zai tsaya ya yi nisa da teku fiye da kilomita 52. Iskar yamma da ke tasowa daga Tekun Arewa ba ta da abin da zai tare ta. Ruwan sama ba shi da damina tasa ta daban, yayyafi ne da ke iya zuwa a kowane wata, kusan rabin ranakun shekara. Saboda haka babbar riga guda mai kauri ba ta wadatarwa. Dabarar ita ce sutura hawa-hawa: 'yar ciki mai riƙe ɗumi, suwaita a kanta, sannan rigar waje wadda ruwa da iska ba sa ratsawa, da takalmi rufaffe, da hular sanyi da safar hannu daga Nuwamba zuwa Maris. Hikimar ita ce cikin jirgi da shaguna akwai ɗumi sosai, wanda bai iya rage kaya ba zai yi gumi, gumin kuma ya huce a jikinsa da zarar ya fita. Lema ba ta da amfani sosai, iska ke juya ta. Mafi dacewar lokacin ziyara shi ne daga Mayu zuwa farkon Satumba. A lura kuma cewa mutanen ƙasar da lambar mako suke lissafi. Makonni na 28 zuwa 30, cikin Yuli, su ne tsakiyar hutun shekara, ofisoshi sukan yi fayau, masauki a bakin teku ya yi tsada. Mai zuwa don harkar kasuwanci ya guji wannan lokaci.

Faɗin Danmak kimanin murabba'in kilomita 43,000 ne, bai kai jihar Kaduna ba, mutanenta kuma wajen miliyan 6. Wannan ƙanƙanta sabuwa ce a tarihi, kuma a ganina ita ce mabuɗin fahimtar halin mutanen. Tsakanin ƙarni na 8 da na 11 daga nan ne mayaƙan ruwa da fatake da ake kira Viking suka riƙa fita. A ƙauyen Jelling har yau akwai dutsen da Sarki Harald Bluetooth ya sa aka sassaƙa wajen shekarar 965, inda ya rubuta cewa ya haɗe Danmak da Norwe kuma ya shigar da mutanensa Kiristanci. Sunansa ne aka laƙaba wa fasahar Bluetooth da ke cikin wayoyi. Jikansa Knud ya hau gadon sarautar Ingila a 1016. A 1397 Sarauniya Margrete ta Ɗaya ta haɗa Danmak da Norwe da Suwidin ƙarƙashin kambi guda. Daga ƙarni na 15 har 1857 duk jirgin da zai ratsa mashigin Øresund, wanda a yau ya raba Danmak da Suwidin, sai ya biya wa sarkin Danmak haraji a Helsingør, inda fadar Kronborg ke tsaye da igwoyinta.

Sai asara ta fara biyo asara. Suwidin ta ɓalle a 1523, a 1658 kuma ta ƙwace lardunan da ke hayin mashigin, abin da ya sa Kopenhagen, wadda a da take tsakiyar daula, ta koma zaune a bakin iyakar gabas. Turawan Ingila sun yi wa birnin luguden wuta a 1807 suka kwashe jiragen yaƙinsa. Norwe ta suɓuce a 1814. Mafi ciwo ita ce 1864, lokacin da masarautar Jamusawa ta Furusiya da Ostiriya suka ci Danmak da yaƙi suka karɓe yankunan kudu na Schleswig da Holstein, wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙasar. Arewacin Schleswig ne kawai ya dawo, ta ƙuri'ar raba gardama a 1920.

Abin da ƙasar ta yi bayan 1864 shi ne ya haifar da Danmak ta yau. Ta haƙura da neman girma a waje ta koma gyaran cikin gida. A 1866 aka kafa ƙungiyar da ta duƙufa mayar da saurukan Jutland, babban yankin yammacin ƙasar, gonaki da dazuzzuka. Makarantun manya na karkara, waɗanda suka samo asali daga tunanin malamin coci N.F.S. Grundtvig, suka bazu: babu jarrabawa, babu takardar shaida, 'ya'yan manoma ne ke taruwa su koyi tarihi da muhawara da waƙa. Da hatsi mai araha daga Amurka da Rasha ya karya farashi, manoma suka koma kiwo, a 1882 kuma suka buɗe masana'antar madara ta gama-kai ta farko a ƙauyen Hjedding. Ƙa'idarta mai sauƙi ce: mai saniya biyu da mai saniya hamsin kowa ƙuri'arsa ɗaya. Ana fitar da man shanu zuwa Ingila, tsalalar da ta rage a ba aladu, naman aladen ma ya bi man shanun zuwa kasuwa. Daga wannan tsatso ne kamfanin Arla ya fito, mai madarar Dano da ake sha a gidajen Najeriya, kuma shi ne dalilin da naman alade ya mamaye tukunyar ƙasar.

Kundin tsarin mulki na ranar 5 ga Yuni 1849 ya kawo ƙarshen mulkin sarki mai cikakken iko. Yau majalisar dokoki, Folketing, tana da kujeru 179, sarauta kuma ta girmamawa ce. Sarauniya Margrethe ta Biyu ta yi murabus ranar 14 ga Janairun 2024 bayan shekara 52, ɗanta Frederik na Goma ya gaje ta. Jamus ta mamaye ƙasar daga 9 ga Afrilun 1940 zuwa Mayun 1945, a Oktoban 1943 kuma talakawa da masunta suka tsallakar da Yahudawa kimanin 7,000 zuwa Suwidin cikin ƙananan jirage. Wannan labari suna alfahari da shi, kuma sun cancanta. Akwai wanda ba su cika ɗaga murya a kansa ba, wanda baƙo daga Afirka ta Yamma bai kamata ya wuce shi ba. Danmak ta yi cinikin bayi. Sansaninta na Christiansborg, mai suna ɗaya da fadar da majalisa ke zama a cikinta, yana nan a unguwar Osu ta Akara, sai a 1850 ta sayar wa Birtaniya da shi. Jiragenta sun kwashi 'yan Afirka kimanin 100,000 zuwa hayin Atlantika, tsibiranta na Karibiyan kuma sai a 1917 ta sayar wa Amurka. Tsohon sito na kayan Indiya ta Yamma, wato tsibiran Karibiyan, da ke bakin tashar ruwan Kopenhagen da arzikin rake da bayi suka noma aka cika shi. Wata alaƙar ta daban ita ce ta mishan: likita Niels Brønnum ya isa Numan a 1913, daga aikinsa ne Cocin Lutheran na Najeriya da ke da ƙarfi a Adamawa ya tsiro.

Ƙaramar al'umma da ta saba gudanar da lamuranta ta ƙungiya da ƙuri'a ta gina rayuwarta a kan yarda, kuma nan ne baƙo ke yawan kuskuren fahimta. Zai ga jariri na barci cikin kekensa a ƙofar shagon shan kofi, iyayen suna ciki. Zai ga rumfar dankali ko zuma a gefen hanyar ƙauye babu mai tsaro, sai akwatin jefa kuɗi. Zai ga tashar jirgi babu shinge babu mai duba tikiti a ƙofa. Sai ya ɗauka sakaci ne ko sassauci. An dai ɗauka ne cewa kowa ya san ƙa'ida kuma zai bi ta, wanda aka kama ya saɓa kuma ba a sauraron uzurinsa. Shiga jirgi ko bas ba tare da tikitin da ya dace ba yana jawo tarar da ba ta gaza kroner 750 na kuɗin ƙasar ba, kuma da yake ana lissafin kuɗin tafiya ne da shiyya-shiyya, tikitin da bai kai adadin shiyyoyin tafiyar ba daidai yake da babu. A saya kafin a hau, a injin tasha ko a manhajar waya, a kuma tabbatar wayar na da caji, domin mutuwar batir ba hujja ba ce.

Haka lamarin yake a mu'amala. Alƙawarin ƙarfe shida yana nufin ƙarfe shida, jinkirin minti goma sai an aika saƙo. Ba a zuwa gidan mutum ba tare da sanarwa ba, gayyatar cin abinci kan zo makonni kafin ranar. Ana cire takalmi a ƙofa, ana riƙo ɗan abu kamar furanni ko cakulan, bayan an gama ci a ce wa mai gida "tak for mad", godiya ce da ba a tsallakewa. Gaisuwa gajeriya ce, musabaha da kallon ido, mace da namiji duka. Wanda ba ya musabaha da ɗaya jinsin gara ya ɗora hannu a ƙirji da fara'a ya faɗi dalili a taƙaice, domin janye hannu shiru ana ɗaukarsa raini. Ɗalibi na kiran farfesa da sunansa na yanka, ma'aikaci na yi wa shugabansa musu a bainar taro, nuna arziki ko muƙami kuma yana rage wa mutum daraja a idonsu. Shirun da ake yi a bas ba ƙiyayya ba ce, barin kowa da sararinsa ne a wurinsu ladabi. Idan ka yi tambaya da Ingilishi kusan kowa zai amsa maka da kyau.

Hatsarin da ya fi kusa da baƙo a Kopenhagen keke ne. Tsakanin titin mota da hanyar masu ƙafa akwai hanya ta uku, ta kekuna, kuma masu bin ta ma'aikata ne da ke sauri zuwa aiki. Tsayawa a kanta don ɗaukar hoto ko jan akwati shi ne kuskuren ranar farko. Wajen sauka daga bas, idan ƙafa za ta sauka kai tsaye kan hanyar keke masu keke ne za su tsaya, idan kuwa akwai ɗan dandamali tsakani, fasinja ne zai jira. Duk da haka a duba kafin a taka. Wanda ya yi hayar keke ya riƙe dama, ya ɗaga hannu sama kafin ya tsaya, ya miƙa hannu gefe kafin ya juya. Ba a yanke hagu kai tsaye a mahaɗa: ana tsallakawa zuwa kusurwar gaba, a tsaya, a juya keken, a jira hanya. Tuƙi da dare ba fitila gaba da baya tarar kroner 700 ce.

Danmak tana cikin Tarayyar Turai tun 1973 amma ta ƙi yuro a ƙuri'ar 2000. Kuɗinta krone ne, an ɗaure shi da yuro a kan kusan 7.46. Katin banki na aiki kusan ko'ina. Mai canjin kuɗi daga gida ya kula kada a ba shi takardar kroner 1,000, an daina karɓarta tun ƙarshen Mayun 2025. Farashin da aka rubuta ya haɗa da harajin kaya na kashi 25 cikin 100, tukuici a gidan abinci ba dole ba ne. Ƙasar na da tsada ƙwarai, musamman abincin waje. Manyan kantuna irin su Netto da Rema 1000 suna rage nauyi, ruwan famfo kuma daga ƙarƙashin ƙasa yake, mai kyau ne, sayen na roba asara ce. Kwalabe da gwangwanaye masu alamar "pant" ana mayar da su injin kanti a karɓi krone 1 zuwa 3.

Batun abinci yana buƙatar ido. Kalmomin "svin", "gris", "flæsk" da "skinke" duk alade ne. Ƙwallon nama da ake kira frikadeller, da niƙaƙƙiyar hanta leverpostej, da tsiran-tsiran da ake sayarwa a kekunan titi, galibi da alade ake yin su ko da sunan bai nuna ba. Abincin rana na gargajiya, smørrebrød, yankan baƙin burodi ne da ake ɗora wa kifi ko ƙwai ko nama, na kifi da na ƙwai sun fi aminci, amma a tambaya ko man shanu aka shafa, domin wasu da kitsen alade suke shafawa. Tun 2014 doka ta hana yanka dabba ba tare da sumar da ita ba, don haka naman halal na ƙasar ko dai an sumar kafin yanka ne ko an shigo da shi. Shagunan halal sun fi yawa a unguwar Nørrebro ta Kopenhagen da kasuwar Bazar Vest ta Aarhus. Babban masallacin da aka buɗe a 2014 da tallafin Katar yana titin Rovsingsgade.

Masu karatu da yawa sun fara jin sunan Danmak ne a 2005, lokacin da jaridar Jyllands-Posten ta wallafa zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai kuma ƙone-ƙonen Alƙur'ani na 2023. A Disambar 2023 majalisa ta haramta wulaƙanta littattafan addini a bainar jama'a, da hukuncin tara ko ɗauri har shekara biyu. A ɗaya ɓangaren, tun Agustan 2018 an hana rufe fuska a waje, wanda ya haɗa da niƙabi, tarar farko kroner 1,000. Hijabi da kallabi babu laifi. Yardar da aka yi bayani a sama ta fi ƙarfi a tsakanin 'yan ƙasa, dokokin shige da fice kuwa suna cikin mafi tsauri a Turai. Bizar Shengen ta kwana 90 ce cikin 180, tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000 da hujjar cewa mutum zai koma gida. Ba ta kai mutum Girinlan ko tsibiran Faro, duk da cewa suna ƙarƙashin masarautar, su izininsu daban ne.

Kopenhagen na kan tsibirin Sjælland, minti 15 daga filin jirgin sama a jirgin ƙasa ko metiro, wanda ke aiki dare da rana ba direba. Kwana uku sun ishe ta. Yawancin abin da ke jan ido aikin Sarki Christian na Huɗu ne, wanda ya mutu a 1648: fadar Rosenborg mai kayan sarauta, da Hasumiya Kewayayya ta 1642 wadda ake hawa ta gangara mai murɗewa. Hawa hasumiyar Christiansborg kyauta ne. Gidajen Nyhavn masu launi na kallo ne, abinci a nan tsada ne ba dalili. Mutum-mutumin 'yar ruwa da kowa ke ɗoki mita 1.25 ne, ba ya cin rabin yini. Gara a ba Gidan Tarihi na Ƙasa wannan lokacin, ko a hau jirgin ruwan haya mai launin ɗorawa da tikitin bas na yau da kullum. Roskilde na da nisan kusan rabin awa, a can ake binne sarakuna, kuma akwai jiragen Viking biyar da aka tono daga ƙarƙashin ruwa a 1962. Gadar Øresund ta 2000 na kai mutum Malmö ta Suwidin cikin kimanin minti 40, a riƙe fasfo.

Wanda ya tsaya a babban birni kaɗai bai ga ƙasar manoman nan ba. Gadar Storebælt ta haɗe gabas da yamma tun ƙarshen shekarun 1990. Odense, mahaifar marubuci Hans Christian Andersen a tsibirin Fyn, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce, Aarhus kuma wajen awa uku. Tikitin Orange na kamfanin jiragen ƙasa DSB ya fi araha idan an saya da wuri, amma na jirgi guda ne takamaimai, idan ya wuce kuɗin sun tafi. Aarhus birnin ɗalibai ne, kuma Den Gamle By, inda aka kwaso tsofaffin gidaje daga sassan ƙasar aka sake gina su, ya fi kowane wuri nuna yadda talaka ya rayu. Aalborg na da maƙabartar Viking ta Lindholm Høje. Ribe ne gari mafi tsufa, tun farkon ƙarni na 8.

Gaɓar yammacin Jutland ita ce mafi ban sha'awa kuma mafi hatsari. A Grenen da ke Skagen, can ƙarshen arewa inda tekuna biyu ke karo, an hana iyo ƙwata-ƙwata. Hanyar shiga tsibirin Mandø teku na rufe ta idan ya cika, sai an duba jadawalin cika da janyewar ruwa kafin a shiga da mota. A rairayin bakin teku kuma akwai gurabe da ruwa ke komawa ciki da ƙarfi ta tsakanin tudun yashi, galibi inda saman ruwan ya fi kwanciya. Wanda irin wannan ya ja kada ya yi kokawa da shi, ya yi iyo a gicciye, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga jan. Na kan tudu ya kira 112 ya karanta lambar da ke jikin koren allo mafi kusa da shi, da ita masu ceto ke gane wurin.